Laftof ɗina na kashe kansa da zafi: in canza furosesa ne?

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da ThinkPad T430 da na saya na hannu shekara uku da suka wuce, furosesarsa i5-3320M ce. Da shi nake haɗa bidiyon biki da na suna. Tun da bazarar nan ta shigo, da na fara fitar da bidiyo sai fanka ta hau kururuwa, gefen hagu ya ɗau zafi kamar kaskon masa, bayan minti goma ya mutu. Wani mai kayan gyara a kasuwa ya ce furosesar ce ta gaji, yana da i7-3720QM, in saya in ɗora. Zan iya da hannuna? Kuma maikon nan da ake shafa wa furosesa, pat termik, yaya ake sa shi?

Mai gyara, Marwa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Furosesa ba ta gajiya kamar jaki. Taka tana kare kanta ne: iyakarta digiri 105, in ta kusa nan sai ta rage gudu, in abin ya ƙi sai injin ya kashe kansa. T430 ta 2012 ce, kuma ina tantamar ko an taɓa buɗe ta tun da ta shigo hannunka. Hunturu nawa ta sha ƙura a Garwa? Ka buɗe ka duba tsakanin fanka da haƙarƙarin jan ƙarfen da ke kwashe zafin furosesa, inda iska ke fita. Kusan duk wadda aka kawo mini da wannan ciwo, ƙura nake samu a wurin ta dunƙule kamar bargo, maikon kuma ya bushe ya koma kamar alli.

Wadda mai kayan gyaran yake son sayar maka kuwa wat 45 take ci, taka 35. Injin da ya kasa fitar da zafin 35 za ka ƙara wa goma?

Ɗalibi, Ngaundere: Malam ya yi gaskiya, sai dai don aikin bidiyo canjin na da amfani. Ƙwaya biyu taka ke da su, wato sassan da ke raba aiki a cikinta, masu QM huɗu ne. Kuma ka yi sa'a, T430 soket gare ta, furosesar na cirowa. Injinan da lambar furosesarsu ta ƙare da U a liƙe suke da dalma, babu zancen canji. In za ka canza, nemi i7-3632QM ko i7-3612QM, ƙwaya huɗu amma wat 35. Ka tabbatar mai ƙafafu ce a ƙasa, don akwai irin waɗanda ake liƙawa. Ka nemi cajar wat 90 ma.

Wani memba: Ni man goge baki na sa wa tawa maimakon maikon, ta yi sanyi lau.

Mai gyara, Marwa: Haba ɗan'uwa! Na kwana biyu ne. Ruwan cikinsa na ƙafewa ya bar maka gari. Kada ka jawo wa yaro asara.

Ƙanena, ga yadda nake yi. Cire caja da batir, ka taɓa ƙarfe kafin ka sa hannu ciki. Ɗauki hoto a kowane mataki, sukurori kuma ka jera su a takarda, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere yana iya huda abin da ba ka so. Sukurorin da ke danne furosesa suna da lamba 1 zuwa 4. Ka sassauta su kaɗan-kaɗan, kada ka kwance ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure. Goge tsohon maikon da alkol mai ƙarfin kashi 90 da ake sayarwa a famasi, da ƙyalle marar gashi, a fuskar furosesa da ta jan ƙarfen, har su yi ƙyalli. Kada ka kankare da reza. Sabon maikon kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani ne kawai, in ya yi kauri shi kansa yana tare zafi. In ka samu Arctic MX-4 ka saya, ba ya ɗaukar lantarki ko ya ɓalle gefe. Farin nan na 'yar leda da ake bayarwa kyauta, a zafinmu ba ya daɗewa. Da ka ɗora jan ƙarfen kada ka ɗaga don leƙawa. In ka ɗaga, sai ka goge ka sake. Kuma in kana hura fanka, danne ta da yatsa kada ta yi ta juyawa. Kar ka manta da mayar da wayarta, mantuwar da ta fi yawa ke nan.

Kafin ka taɓa komai ka sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin furosesa, ka rubuta zafin, don mu ga bambanci.

Mai tambaya, Garwa: Allah Ya saka da alheri Malam. Jiya bayan Isha na buɗe. Abin da na zaro daga bayan fanka, maiɗakina ta ɗauka mataccen ɓera ne. Da yana kai digiri 98 kafin ya mutu, yau na fitar da bidiyon minti arba'in bai wuce 79 ba. Na fasa sayen ta wat 45 ɗin. Sai dai sukuru ɗaya ya rage mini a takarda, kuma ban san raminsa ba.

Mai gyara, Marwa: Turo hotonsa da na bayan injin. In dai huɗun nan masu lamba sun cika, ka ci gaba da aikinka kafin in duba.