Wane irin littafi zan nema wa 'yata?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 9, a ƙasar waje take tasowa. Kwanan nan in na je ɗaukarta makaranta, sai ta raɗa min in daina yi mata Hausa a gaban ƙawayenta. Abin yana ci mini rai. Ina neman labarin yara da zai nuna mata ba ita kaɗai ba ce. Me zan duba?

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Fara karanta babin ƙarshe tukuna. In yaron labarin bai samu karɓuwa ba sai da ya watsar da harshen gidansu, ki ajiye littafin. Nemi wanda iyayen ciki suke da mutunci da nasu damuwar, ba a mayar da su abin dariya ba. Akwai kuma masu harshe biyu, shafi na kallon shafi, ki tambayi ma'aikacin laburare.

Yayar Marayu:
'Yar'uwa, wanda ya ratsa ɗana shi ne na wata yarinya da take yi wa babanta tafinta a asibiti, likita na jira, ita kuma kalmar ta ɓace mata. Sau biyu ya sa na maimaita masa wurin. Amma ku karanta tare, kada ki miƙa mata kamar magani.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Ranar Asabar za mu leƙa laburaren, in sha Allahu.