Wai 'ya'yan gwaiba ne ke zama tsakuwar ƙoda?

Anti Rabi: Salamu alaikum, ku taya Habu da addu'a, jiya da daddare ciwon kwiɓi ya tashe shi har yana birgima a ƙasa, ga fitsari da jini, da aka yi hoto aka ce tsakuwa ce a ƙoda. Na sha faɗa masa ya daina haɗiye 'ya'yan gwaiba, yaron nan kullum sai ya tsaya a Kawo ya ciko leda, to ga shi sun taru. Daga yau ba gwaiba ba tumatir mai 'ya'ya a gidana.

Kawu Bala: Allah ya ba shi lafiya. Gaskiyarki Rabi, tun muna yara haka manya ke faɗa, kuma ba sa magana a banza.

Sadiya: Amin ya Allah. Anti don Allah ki yi haƙuri zan sa baki, aikina ne a asibiti. Abin da mutum ya haɗiye ciki yake zuwa, ya bi hanji, ya fita a bayan gida. Ba wata hanya da ƙwallon gwaiba zai bi ya shiga ƙoda, ita jini kawai take tacewa. Tsakuwar a cikin fitsari take haɗuwa, idan ya yi kauri sai sinadaran da ke ciki su daskare, yawanci kalsiyam da oksalet.

Kawu Bala: To ke Sadiya shi wannan oksalet ɗin daga sama yake faɗowa? ba a cikin kayan itatuwan yake ba?

Sadiya: Kawu akwai shi a abinci amma ya fi yawa a alayyafo da gyaɗa da dankalin Hausa da baƙin shayi, yawancin 'ya'yan itacen da muke sha kaɗan ne a cikinsu. Lemon tsami da lemon zaƙi ma suna da sitiret, shi ke riƙe kalsiyam a fitsari ya hana shi dunƙulewa, har magani ake yi da shi a ba masu tsakuwa. Kankana kuwa kusan duk ruwa ce.

Yaya Nasiru: Ni fa ban yarda ɗari bisa ɗari ba. Na karanta cewa bitamin C yana komawa oksalet a jiki, kuma gwaiba ta fi lemu bitamin C, kenan maganar Anti tana da tushe ko da ba 'ya'yan ba ne.

Sadiya: Yaya wannan na ƙwaya ne. A 2013 an fitar da bincike a Suwidin kan maza sama da 23,000, masu shan ƙwayar bitamin C mai ƙarfi haɗarinsu na samun tsakuwar ƙoda ya kusa ninka na waɗanda ba sa sha. Ƙwaya ɗaya za ka ga miligiram 1,000 ce a tashi ɗaya. Amma manyan binciken da suka bi mutane shekaru a Ingila da Amurka sun ga masu yawan cin 'ya'yan itace su ne tsakuwa ta fi ƙaranci a cikinsu.

Maman Ummi: wlh ku bar gwaiba ta huta, ku dubi yadda Habu ke wuni. Tun safe yana kan keke daga Tudun Wada zuwa Kasuwar Barci zuwa Mando cikin wannan ranar, gumi na zuba, baya son shan ruwa wai kar fitsari ya riƙa tsayar da shi, in ƙishi ya dame shi sai lemon kwalba mai sanyi, dare yayi kuma tsire da indomi an zuba maggi da gishiri, ni na taɓa ganin ledar fiya wata ɗaya a kekensa tun safe har la'asar bai fasa ta ba

Sadiya: Nan ne maganar take Maman Ummi. Gishiri yana ƙara kalsiyam a fitsari, nama da yawa ma yana taimaka wa tsakuwa, lemon kwalba mai sukari haka. Ana so mai wannan matsala ya sha ruwan da zai yi fitsari wajen lita 2 da rabi a rana, ya ga yana fita fari ba ja kamar shayi ba. Kuma Anti kar a hana shi nono ko kindirmo, in an sha tare da abinci kalsiyam ɗinsa na kama oksalet tun a hanji.

Kawu Bala: To ya aka yi maƙwabcina likita ya hana shi ayaba da lemu?

Sadiya: Wannan daban Kawu, in ƙoda ta yi rauni ko ana wankin ƙoda ana rage su saboda sinadarin potasiyam da ke cikinsu. Habu sai an duba gwajin jininsa tukun.

Anti Rabi: Na ji, zan matse masa lemon tsami a jarkar ruwa ya riƙa fita da ita. Amma gwaiba hankalina bai kwanta ba, sai abin nan ya fita.

Sadiya: To Anti. Ki turo min takardar hoton in ga girmanta, in ba ta kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta. Ya riƙa tace fitsarin da tsumma mai tsabta, in ta faɗo a kai a gwada a san irinta. In kuma zazzaɓi ya zo ko amai ya ƙi tsayawa ko fitsari ya ɗauke, ko tsakar dare ne ku koma asibiti, ki kira ni.