Fuskar Baba ta karkace a hankali, yanzu idonsa ba ya rufuwa

Ƴar Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara kan mahaifina, shekararsa 63. Tun tsakiyar damina gefen bakinsa na hagu ya fara saki kaɗan-kaɗan. Aka ce iska ce ta buge shi, muka yi ta tofi da shafa man habbatussauda. Wata biyar ke nan abin sai gaba yake yi. Ko barci yake, idon nan a buɗe, ya yi jajir. Yana cewa kamar tururuwa ke yawo a kumatunsa, ga wani ƙululu kamar gyaɗa a gaban kunne. Jiya likita ya ambaci ciwon dajin da ke bin jijiya. Wallahi ban runtsa ba. Akwai irin wannan da gaske?

Malamin jinya daga Bauchi:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Akwai, ko da yake ba a cika samunsa ba. Shanyewar fuska da aka saba gani cikin kwana biyu ko uku take gama bayyana, yawanci kuma ta fara sauƙi cikin sati uku. Wadda ke ƙaruwa wata da watanni, ga ƙululu, dole a bincika. Jijiyar da ke rufe ido ta cikin halittar da ke samar da yawu a gaban kunne ta ratsa. Wani nau'in ciwon daji mai suna adenoid cystic carcinoma yakan tsiro a nan, ya bi jijiyar zuwa gindin ƙoƙon kai. In ya taɓa jijiyoyin da ke juya ido, mutum ya fara gani biyu-biyu. Ku je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Hoton MRI da ɗibar tsoka a auna su za su raba gardama, don ba kowane ƙululu ne ciwon daji ba.

Hajiya daga Kumo:
Ƴata, kafin sakamako ya fito ku rufa wa idon nan asiri. Na yi jinyar maigidana, hankalinmu duk yana kan tiyata da gashin da ake yi wa ciwon daji da na'ura, ƙurar hunturu ta yi wa baƙin idonsa gyambo. Har yau ina jin ciwon abin. Ku ga likitan ido a satin nan, ya rubuta maganin ɗigawa da man shafawa na dare, ya nuna miki yadda ake manne fatar ido da filasta. Tozali kuma a dakata.

Ƴar Tudun Wada, Gombe:
Na gode Mama, na gode Malam. Yayana ya tafi kemis neman filastar, Litinin da sassafe za mu kai shi in sha Allahu. Ku sa shi a addu'a.