Iyayen da 'ya'yansu suka kamu da son Thomas, ku zo mu ji

Maman Khalil: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ɗana ɗan shekara huɗu ba ya cin abinci sai an kunna masa Thomas, shuɗin jirgin ƙasan nan mai fuska da lamba 1 a gefensa. Kwalayen ashana yake jerawa a tsakar ɗaki yana turawa, wai su ne taragunsa Annie da Clarabel. Abin ya fara damuna. Waɗanda suka ga irin wannan, ya kuka yi?

Abban Sadiq: Wa'alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Nawa da jiragen nan ya koyi ƙirga tun bai shiga makaranta ba: Edward 2, Henry 3, Gordon 4, James 5, Percy 6, Toby 7. Ja kuwa sunansa James, kore Percy. Ranar da muka je tashar Rigasa za mu hau jirgin Abuja, ya yi ta leƙen gaban jirgin yana neman fuska, ya tambaye ni ina hayaƙin. Na zaunar da shi na ce wannan dizal yake sha, shi kuwa Thomas kwal ake ƙona masa, ruwan da ke zuwa daga tankunan gefensa ya tafasa a cikin tukunyarsa, tururin ya juya ƙafafu. Har muka isa Idu bai daina tambaya ba.

Anti Binta: Mu a nan Ingila har tsofaffi sun san shi. Wani limamin coci ne, Wilbert Awdry, ya fara ƙirƙiro labaran don ɗansa Christopher da ke kwance da ƙyanda. Littafin farko ya fito a 1945, Thomas kansa sai a na biyu, 1946. A 1984 aka fara nuna shi a talabijin, Ringo Starr na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ke ba da labarin. Ni littattafan na koma wa. Ina karanta wa 'yata ɗaya kafin barci, ina mayar mata da Hausa, sai rigimar waya ta ragu sosai. A cikin jiragen Nia ce tata, 'yar Kenya da aka shigo da ita cikin shirin a 2018.

Malam Habu: Ni dai shawarata ku riƙa zama da su. Akwai labarin Henry da ya shige ramin da jirgi ke bi ta cikin dutse, ya ƙi fitowa don kada ruwan sama ya ɓata masa fenti, aka gina bulo aka toshe shi a ciki. Jikana ya yi kuka sosai, da dare ya ce kada a rufe ƙofar ɗakinsa. Sai da na nemo ci gaban, ya ga an fito da Henry ya taimaka lokacin da Gordon ya lalace, sannan ya saki jiki. Da ba na wajen, da ban san abin da ya tsorata shi ba.

Maman Khalil: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, wallahi ban taɓa zama na kalla tare da shi ba, kunnawa nake yi in shige kicin. Anti Binta, don Allah wane littafin kika fara karanta mata? Babansa zai je Kano ranar Asabar, in ya samu sai ya taho da shi.