Neman shawara: Za mu je Kyoto, me za mu kiyaye kada mu takura wa mutanen gari?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigida za mu je Kyoto, wani birni a ƙasar Japan, a watan Nuwamba in Allah ya kai mu. An ce mutanen garin sun fara ƙosawa da baƙi masu yawon buɗe ido, har tara ake ci. Don Allah masu sani, me ake kiyayewa, kuma da me ake zirga-zirga?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Hajiya. Kun zaɓi lokacin cunkoso, don daga tsakiyar Nuwamba ganyen itatuwa ke yin ja, jama'a su cika gari. Babban abin da ke damun mazauna shi ne bas. Baƙi kan shiga da manyan akwatuna, tsohuwa mai zuwa asibiti tana tsaye motoci su yi ta wuce ta, babu masaka tsinke. Shi ya sa a 2023 hukumar birnin ta daina sayar da tikitin bas na yini guda mai yen 700 (yen shi ne kuɗin Japan). Wanda ya rage na yen 1,100 ne, ya haɗa bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ku dogara da jirgin. Layi biyu ne kawai: Karasuma tsakanin kudu da arewa, Tozai tsakanin gabas da yamma. Akwatuna kuwa ku kulle su a ma'ajiyar tashar Kyoto, ko ku biya a kai muku otal. In bas ta zama dole, galibi ta ƙofar baya ake shiga, a biya yen 230 wajen sauka ta gaba.

Amsa ta biyu: Maganar tara a unguwar Gion take, inda geiko, wato mata masu nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗan gargajiya, da almajiransu maiko ke zaune. Wadda kika gani cikin kwalliya tana sauri, wurin aiki za ta. Wasu baƙi sun riƙa tare musu hanya da kyamara, har da jan tufafinsu. Tun Oktoba 2019 aka hana ɗaukar hoto a lungunan da ke mallakar masu gidaje, tarar yen 10,000, sannan a 2024 aka fara hana baƙi shiga irin waɗannan lungunan gaba ɗaya. Babban titin Hanamikoji a buɗe yake. Ki duba allo kafin ki karya kwana.

Amsa ta uku: Sammako ne maganin. Wurin ibadar Fushimi Inari ba a rufe shi dare da rana, ba a biyan ko sisi, tasha biyu ce daga tashar Kyoto a layin jirgin ƙasa na JR Nara. Wurin ibadar Kiyomizu-dera na buɗewa ƙarfe 6 na safe. Bayan sallar asuba ku fita, kafin ƙarfe 9 kun gama, masu tururuwa suna isowa kuna komawa. A dajin gora na Arashiyama kuma kada a kankare suna a jikin gora, tabon ba ya gogewa, wani lokaci sai an sare ta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Abinci da sallah fa?

Amsa ta huɗu: Hajiya, romon ramen, wato taliyarsu mai romo, sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma ana zuba giyar shinkafa, wato sake da mirin, a miya da yawa ko da ta kifi ce. Ki nemi gidan abinci mai shaidar halal. A kasuwar Nishiki ba a son a riƙa tafiya ana ci, ki tsaya gaban shagon ki cinye, ki miƙa musu takardar. Kwandon shara ya yi ƙaranci a titi, saboda haka ki riƙe leda a jaka har otal. Ruwan famfo ana sha, gora ɗaya ta ishe ki.

Kwamin ruwan da ke ƙofar wuraren ibadarsu na tsarkinsu ne, kada maigida ya yi alwala a ciki. Ku yi a masauki kafin fita.

Amsa ta biyar: Ƙarin bayani kaɗan. Inda aka shimfiɗa tabarmar tatami ana cire takalmi, ku sa safa mai tsabta. Ba a ba da tukuici a gidan abinci, ma'aikaci zai biyo ku da canjin. Otal kuma zai karɓi harajin kwana a kan kowane mutum kowane dare, tun 2018 ake biyansa, kuma yana hawa gwargwadon tsadar ɗaki, don haka ku tambaya ko yana cikin kuɗin da kuka biya ta intanet.