Ciwon jijiyar kafaɗa: waɗanda suka yi atisayen fisiyo, yaya kuka ƙare da shi?

Mai Ɗinki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa samu. Wata biyar ke nan kafaɗata ta dama tana ciwo. Ban faɗi ba, ban ɗauki wani kaya mai nauyi ba, haka kawai ya faro a hankali. In hannun yana ƙasa lafiya lau nake. Da na fara ɗaga shi ta gefe ya kai tsakiya, sai in ji kamar an soka mini tsinke, in na daure ya miƙe sama kuma sai ya lafa. Saka riga wahala, taje kai wahala, miƙa hannu baya kuwa ba a magana. Dare ya fi muni, don ba na iya kwanciya a ɓarin dama.

Likita ya duba ya ce jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ce, ya tura ni fisiyo, wato sashen asibiti da ake jinyar gaɓoɓi da motsa jiki. Na ɗauka gashi za a yi mini da na'ura, a yi tausa. Sai aka ba ni wata roba mai talewa da takarda mai zanen atisaye uku, aka ce in yi na wata uku. Gaskiya raina bai kwanta ba. Hannun da ke ciwo shi kuma za a ba aiki? Yau kwana goma da farawa, ban ga canji ba, wani lokacin ma ya fi tsami. In ci gaba ne ko in nemi allurar rage ciwo da ake yi a kafaɗa?

Malam Fenta

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Labarinki nawa ne sak, sai dai ni na san abin da ya jawo mini: shekara goma sha bakwai hannuna yana sama ina fentin silin.

Da ya fara, hutu na ba shi. Na ajiye aiki wata biyu, har rataye hannun na riƙa yi a wuya. Zogin ya ragu ƙwarai, na ce shi ke nan. Ranar da na koma aiki ko awa ɗaya ban yi ba ciwon ya dawo, ga shi hannun ya yi sanyi, burushi ma nauyi yake mini. Wannan hutun shi ne babbar asarar da na yi, don hannun bai warke ba, ƙarfinsa kawai ya zube.

A fisiyo, makon farko ba a sa ni ɗaga komai ba. Tsayawa nake kusa da bango, in lanƙwasa gwiwar hannu, in danna bayan hannuna a bangon ba tare da ya motsa ba, in ƙirga talatin, in saki. Daga nan aka ba ni roba. In ɗaure ta a mariƙin ƙofa, in naɗe tawul in matse shi a hammata, in riƙa juya hannun waje gwiwar tana manne da jikina. Sai jan robar zuwa ƙirji ina matse allunan kafaɗa ta baya. Na ƙarshe shi ne ɗaga gorar ruwa, ba gaba sosai ba, ba gefe sosai ba, tsakaninsu, babban yatsa yana kallon sama. Abin da mai fisiyon ya fi nanata mini shi ne saukowa: kada in saki hannun ya faɗo, in sauke shi a hankali ina ƙirga uku. Na fara da rabin gora, na koma cikakkiya, daga baya na kai ƙarfe mai kilo 3.

A kwana goma ni ma ban ga komai ba. Sai wajen mako na shida na farka da safe na tarar a kan kafaɗar na kwana ban sani ba. Yanzu ina aikina, amma tsani nake ƙara hawa don hannun kada ya daɗe a saman kaina, kuma robar tana nan a ƙofa, sau biyu a mako nake ja.

Uwar Tagwaye

Yaya, ni matsalata ba atisayen ba ce, dagewar ce. Ɗaukar yara ne ya jawo mini nawa. Sau biyu ina farawa ina bari, in yi mako biyu, in ji sauƙi kaɗan, hidima ta sha kaina. A karo na uku na rataye robar inda nake goge baki, ba na barin wurin sai na yi. Minti goma ne. Shi ya fisshe ni. Ki kuma gwada kwanciya a ɗaya ɓarin ki rungume filo, hannun mai ciwo ya hau kansa. Barci ya fi daɗi haka.

Ɗan Ɗaga Ƙarfe

Anti, ni akasin Malam Fenta na yi. Da aka ce mini ƙarfafa jijiya ne magani, sai na ɗauka yawan nauyi shi ne saurin warkewa. An ce in yi sau goma sha biyar da roba mai laushi, na sayo mai tauri na yi hamsin, safe da yamma. Kwana huɗu kafaɗar ta ɗauki zafi, har kofi ba na iya ɗagawa. Da na koma aka mayar da ni farko, aka kuma ba ni ma'aunin da har yau nake bi. In ana auna ciwo daga sifili zuwa goma, uku ko huɗu lokacin atisaye ba laifi ba ne, muddin kafin washegari ya koma yadda yake. In ya kwana ya wuni yana zogi fiye da da, to an zarce, sai a rage nauyi ko yawan, ba a daina gaba ɗaya ba. Wannan tsamin da kika ce kina ji, ki lura da shi, yana kaiwa gobe ko yana lafawa?

Mai Ɗinki

Ƙanena, yakan lafa bayan awa biyu ko uku. Da safe dai yadda yake jiya haka yake.

'Yar Fisiyo

To Yaya, in haka ne kina kan hanya. Aikina ke nan, kuma ni ma na ɗanɗana, don tallafar marasa lafiya daga gado zuwa kujera ya taɓa kafaɗata ta hagu har na yi wata huɗu ina yi wa kaina abin da nake sa mutane. A lokacin ne na gane dalilin da ya sa mutane ke ajiye robar a mako na biyu. Abin yana da gundura, kuma ladansa ba ya zuwa da wuri.

Gaɓar kafaɗa ba rami mai zurfi ba ce kamar ta ƙugu. Kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani ɗan faranti marar zurfi a jikin allon kafaɗa, shi ya sa hannu ke iya juyawa kowane ɓangare. Tsokoki huɗu ne ke riƙe shi a tsakiya, jijiyoyinsu sun lulluɓe kan ƙashin. Wadda ta fi yawan ciwo ita ce ta sama. Wurin da kika ce yana sukar ki a tsakiyar ɗagawa mun san shi sosai, yakan kama daga kusan digiri 60 zuwa 120. Jijiya kuwa ba ta samun jini kamar tsoka, canjinta a hankali yake, kuma da nauyin da ake ƙara mata kaɗan-kaɗan take ƙara juriya. Shi ya sa ake cewa mako 12 kafin a yanke hukunci.

Tun 1972 wani likitan ƙashi a Amurka, Charles Neer, ya bayyana cewa ƙashin da ke saman gaɓar ne ke gugar jijiyar, aka yi shekaru ana tiyatar kankare shi. Daga baya aka gwada. A Birtaniya an raba mutum 313 gida uku: wasu aka kankare musu ƙashin, wasu aka shiga da kyamara kawai aka fito, wasu ba a yi musu komai ba. Sakamakon da mujallar The Lancet ta buga a 2018 ya nuna kankarewar ba ta fi leƙawar da kyamara amfani ba. A Suwidin kuma, a wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2012, an ɗauki mutanen da ke jiran tiyata aka ba su atisaye na mako 12. Cikin waɗanda suka yi atisayen da aka tsara don waɗannan tsokoki, kashi 20 cikin ɗari ne suka ce har yanzu suna son tiyatar. A ɗaya rukunin da suka yi motsa jiki na gama-gari, kashi 63 ne.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2021, shi ma a Birtaniya, mai mutum 708. Waɗanda suka ga mai fisiyo sau ɗaya, aka koya musu da kyau suka tafi gida suna yi, bayan shekara ba su bambanta da waɗanda aka riƙa gani har sau shida ba. Saboda haka kada ki raina takardar nan da robar. A gida ake yin aikin.

Allurar da kike tambaya a kai tana rage zogi na 'yan makonni, wannan binciken ma ya nuna haka, amma bayan shekara ba ta bar wani bambanci ba.

Malamin Makaranta

Malama, ba gardama zan yi da ilminki ba, amma bari a ji ta bakin wanda abin bai yi wa yadda ake faɗa ba. Rubutu a allo ne sana'ata. Na yi atisayen nan wata huɗu cur, ban tsallake ko kwana ɗaya ba, ina da littafin da nake rubutawa. Ciwon ya ragu kamar rabi, ya tsaya nan. Rashin barci ya fi damuna, don mutumin da bai yi barci ba da wane ƙarfi zai ja roba? Da aka yi mini allurar na samu mako shida ina barci, a cikinsu ne na iya ƙara nauyi. Yau shekara guda da rabi, ina aiki, amma in na yi rubutu a saman allo na minti goma sai na ji shi. Na faɗi haka ne don wanda bai warke sarai ba kada ya zargi kansa da lalaci, ko a riƙa gaya masa bai yi da kyau ba. Na sha jin wannan maganar kuma tana da ciwo.

'Yar Fisiyo

Gaskiyarka Malam, kuma wanda ya gaya maka haka bai kyauta ba. Akwai masu warkewa sarai, akwai masu samun sauƙi ya rage saura. Yadda ka yi amfani da allurar, a samu barci a ci gaba da atisaye, shi ne amfaninta. Maimaita ta akai-akai ne muke gudu, don tana iya raunana jijiyar.

Hajiya Babba

'Yata sannu. Ni abin da zan ƙara, ki tabbata an duba ki da kyau. Ina da ciwon suga. Na yi wata biyu ina jan roba a kan ciwon jijiya ne, hannun kuwa sai ƙara ƙagewa yake. Da wata likita ta kama hannun da kanta ta yi ƙoƙarin juya shi waje, ya ƙi, nan ta ce sagewar kafaɗa ce, kuma ta fi kama masu suga. Ta ce mai ciwon jijiya in wani ya ɗaga masa hannu yakan tafi, nawa kuwa ko wa ya ɗaga ba ya zuwa. Atisayen da aka canza mini na miƙarwa ne, in sunkuya in saki hannun yana lilo, in riƙa hawa bango da yatsu. Sai da na haura shekara kafin ya saki. Masu suga kuma ku sani, allurar nan ta ɗaga mini suga na kwanaki, sai da na riƙa aunawa safe da dare.

Tsohon Direba

Hajiya ta faɗi gaskiya. Nawa faɗuwa na yi a kan hannu, na ji wani abu ya tsinke, daga ranar ban iya ɗaga shi ko zuwa ƙirji ba. Mako biyar ina shafa man zafi ina shan ƙwayoyin rage ciwo har cikina ya fara damuna. Hoto ya nuna jijiyar ta yage gaba ɗaya, likitan ya yi mini faɗan jinkiri. An ɗinke ta, na yi mako shida hannu a rataye, sannan wata shida a fisiyo ina jan irin robar da aka ba ki. Duk wanda ya faɗi hannunsa ya ƙi ɗaguwa, asibiti zai nufa a makon, kada ya tsaya atisaye a gida.

'Yar Fisiyo

Na gode Baba. In ƙara a kan naka: kafaɗa ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, ko ciwon yana sauka har yatsu da dindiris, ko ciwon kafaɗar hagu tare da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, duk waɗannan ba na roba ba ne. Na ƙarshen ma ba ya jiran gobe. Amma wanda hoto ya nuna masa 'yar yagewa ba tare da ya faɗi ba, kada hankalinsa ya tashi. Mutane da yawa da suka haura sittin suna da ita kuma ba sa jin komai.

Mai Ɗinki

Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari, yau mako bakwai. Na koma an sake duba ni saboda maganar Hajiya, an ce ba sagewa ba ce. An canza mini roba zuwa mai ɗan tauri, an ƙara mini gorar ruwa. Na ɗaga kujerar ɗinkina, kuma duk rabin awa ina tashi in motsa. Yanzu ina taje kaina ba tare da na cije baki ba, dare ma sau ɗaya nake farkawa maimakon huɗu. Miƙa hannu baya ne har yanzu yake suka. Malam Fenta, kai a wane mako wannan ya sake ka?

Malam Fenta

Madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Shi ne ya zo ƙarshe a wurina, sai da na shiga wata na huɗu. Ki tambayi mai fisiyon ko lokacin jan tawul ta baya ya yi, ni a mako na tara aka fara mini shi.