Oga ya kori ƙanina daga gareji, ba shi da wurin kwana

Ɗan Zazzau:
Slm jama'a don Allah a ba ni shawara. Ƙanina ne ke koyon kanikanci a Apo, Abuja, tun da ya je a garejin yake kwana, yau cikin motar kwastoma gobe kan benci, to sai batir ya ɓata oga ya ce ai masu kwana a wurin ne, ya tattara su ya kora ba sallama ba komai. Yanzu barandar masallaci yake kwana da jakarsa a ƙarƙashin kai, kuma ya rantse ba zai dawo gida hannu rabbana ba. Ya zan yi?

Mai Walda:
Allah sarki. Malam matsalar kenan, in dai wurin kwananka a hannun oga yake to ranar da kuka ɓata ka rasa aiki ka rasa makwanci lokaci guda. Nan Panteka a Kaduna yawancin yaranmu 'yan gari ne, yamma ta yi kowa ya tafi gida, amma Abuja fa? Haya kuɗin shekara ake nema dunƙule ga na ejan, yaron da ɗan kuɗin abinci kawai ake ba shi ina zai samo. Ya nemi 'yan garinku su haɗa kuɗi su kama ɗaki can Mararaba ko Masaka ko da su biyar ne, sai dai kuɗin mota zai ci shi.

Maman Ilham:
Ni dai a dawo da shi wlh. Yaro yana kwana a waje 'yan sintiri su kwashe shi cikin dare wa zai sani? Ga masu shaye-shaye. Garejin Zariya ya ƙare ne?

Baban Sadiq:
Hajiya kar a yanke masa sana'a yana tsakiya. Ɗan Zazzau ka shiga mota ka je da kanka, waya ba ta gyara irin wannan. Makanikai suna da ƙungiya, NATA, ka samu ciyaman ɗin wurin ya zaunar da ku da ogan. Kuma wa ya kai shi tun farko? Dokar ƙwadago ta Najeriya cewa ta yi yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yi, mu kuwa sai dai "ga yaro nan amana" a tafi.

Ɗan Zazzau:
Kawunmu ne ya kai shi, ba takarda gaskiya. Asabar zan shiga in sha Allah, Mai Walda akwai wanda ka sani a Mararaba?